Kunyar 'Yar Fari

Bowie, Maryland, Amurka
Oktoba, 2010

Zuwa ga Maman Ramla,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ina kuma yi miki gaisuwar rashin maigidanki, Malam Abdussalam. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma muryarsa ta sha shigowa kicin ɗina lokacin da yake karanta labarai a rediyo. Allah ya ba ki haƙuri.

Ba ki san ni ba. Sunana Dorkas Katung, 'yar Kagoro, nas ce ni a wani asibiti nan kusa. Ni ce hukumar kula da yara ta ba riƙon 'yarki tun ranar da aka kwantar da ke. Mis Olive, ma'aikaciyar da maganar Ramla ke hannunta, ta ce kin fito daga asibiti kina zaune a Manassas gidan wasu mutanen Nijar, kuma in an kira ki a waya ba a jin komai sai "to" da "na gode". Shi ya sa na ce bari in rubuto da Hausa, ko bakinki zai buɗe a takarda.

Ramla tana lafiya. Na dama mata gwaten acca irin namu, ta yi cokali biyu ta ce ta ƙoshi, don kara. Yanzu tuwon shinkafa nake tuƙa mata. Tana sallarta a ɗakinta, ba mai hana ta. Naman alade ma na kore shi daga gidan, maigidana, Baban Debbie, sai ƙunƙuni yake yi, na ce ya je waje ya ci ya wanke baki ya dawo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makonnin nan da ta zauna a gida tana jinyarki ba ta zuwa makaranta, sun ci mata darussa. A nan kowane darasi yana da makinsa da suke kira kiredit, sai yaro ya tara su cif kafin a ba shi takardar gama sakandare. Makarantarta ta Lanham akwai wata malama, Misis Irene, mai koyar da ajin kiwon lafiya. Ta ce Ramla tana da hannun nas, kuma za ta zauna da ita bayan an tashi har ta cike abin da ya wuce ta. Amma hukuma tana so ta mayar da ita makarantar da ke kusa da gidana, wai babu bas daga Bowie zuwa Lanham. Na ce ni zan riƙa kai ta kullum kafin in wuce aiki. Suka ce ba ni da ta cewa.

Ke ke da ta cewa. Akwai doka a kan yaran da ke hannun hukuma, cewa a bar yaro a makarantarsa ta asali in hakan ya fi masa. Kuma duk da sun ɗauke ta, maganar karatunta har yanzu tana hannunki, tunda ke kika haife ta. Za a yi zama a makarantar farkon wata mai zuwa. Don Allah ki zo. Ki ce musu a bar ta, shi ke nan.

In ta zauna a Lanham, shekara biyu ta gama. Kin taɓa zuwa bikin yaye ɗalibansu? Da lasifika ake kiran sunan kowane yaro, iyaye su miƙe su yi ta ihu. Ranar ta 'yata Debbie sai da muryata ta dishe. Ina so in ga ranar taki.

Ki gaida masu masaukinki.

Taki,
Dorkas Katung


Manassas, Virginia
Oktoba, 2010

Zuwa ga Sista Dorkas,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da dukan iyali. Takardarki ta iso ni, na karanta, na sake karantawa. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya saka da alheri, ya raya miki taki, ya sa ki ci moriyarta.

Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ciwon huhu ne, ya kama ni ina cikin takaba. Kafin in fito daga asibiti an karɓe gidan da muke haya a Lanham. Malam Idrissa, aminin marigayi, shi da matarsa Furera suka ba ni ɗaki. Alƙali ya ce sai na samu aiki da gidan kaina a Maryland kafin a dawo min da yarinyar. Ina nema, sai dai numfashina bai gama dawowa ba.

Game da maganar makaranta, Sista, ni 'yar Malumfashi ce, kuma abin da na tashi na tarar shi ne in an ba mutum riƙon ɗa, to an ba shi duka. Wadda ta haifa ba ta komawa tana leƙe tana cewa a yi kaza a bar kaza. Rashin kunya ne, kuma raini ne ga mai riƙo. Ke kike ci da ita, ke kike ganin kwananta da tashinta. Abin da kika ga ya dace, shi ne daidai. Dā can ma marigayi ne mai zuwa makarantarsu, shi ya san malamai, shi ya iya Turancinsu. Ni ko ƙofar ban taɓa shiga ba.

Amma tunda kin ce in zo, zan zo. Malam Idrissa ya ce zai ajiye tasinsa ya kawo ni.

Ina roƙon alfarma ɗaya. 'Yar gidan naki ba ta son sanyi, yana sauka mata a ƙirji, kuma ba za ta faɗa ba. Ki sa mata ido a kan rigar sanyi. Kada ki ce ni na ce.

Ki huta lafiya. Allah ya bar zumunci.

Ni ce,
Ɗija Abdussalam


Bowie
Nuwamba, 2010

Maman Ramla,

Ina gaisuwa. Ina fatan kun koma lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwata gajeriya ce, don raina a ɓace yake.

Haba, baiwar Allah! Haba! Me kika yi mana ke nan?

Bari in gaya miki abin da idon Turawan nan ya gani, don na lura ke ba ki san abin da ya faru a ɗakin nan ba. An shigo da yarinya, rabonta da ke tun kina kan gadon asibiti. Ta taho da gudu za ta rungume ki, kika zame kafaɗa, kika dubi bango, kika ce, "Ba ki iya gaida mutane ba ne?" Mis Olive ta ɗauki biro.

Shugabar makaranta ta ce ki faɗa musu abin da 'yarki ta fi iyawa. Kika ce, "Yarinya ce kamar kowa, sai dai a yi ta haƙuri da ita." Yarinyar da ta ɗauke ki ta sauke ki ita kaɗai! Tafintan da ke cikin waya ya juya musu yadda kika faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Misis Irene ta buɗe littattafan Ramla a gabanki, tana nuna miki makin da ta ci, tana jira ki ce wani abu. Ko kallon takardun ba ki yi ba.

Sai aka zo kan maganar da ta tara mu. Mis Olive ta ce, "Kina so ta zauna a nan, ko a canza mata?" Na taka ƙafarki a ƙarƙashin tebur, kin ji ni sarai. Kika ce, "Duk yadda manya suka gani. Ga uwarta nan," kika nuna ni. Tun daga farkon zaman har ƙarshe ba ki kira sunanta ko sau ɗaya ba. "Ita", "yarinyar", "waccan". Mis Olive har shafi ta juya.

Na san abin da ne. A Zariya na yi karatun nas, na zauna da Hausawa, na san kunyar ɗan fari. Na ɗaga hannu na ce musu al'ada ce, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ƙiyayya ba ce. Mis Olive ta yi min murmushin nan nasu ta ce ta gode, amma ita abin da ta gani za ta rubuta. Kuma ban ga laifinta sosai ba. Mace ce mai yara fiye da ƙarfinta, a mota take cin abincin rana. Wa zai zauna ya koya mata Malumfashi?

Sun yanke. In an dawo hutun Kirsimeti za a mayar da Ramla makarantar Bowie. Can babu ajin kiwon lafiya, babu Misis Irene.

A mota ba ta yi kuka ba sai da muka hau babban titi. Da Turanci ta tambaye ni, ni kuma da Hausa zan gaya miki: "Anti, me na yi mata? Ko karen maƙwabta tana kiran sunansa." Na ce al'ada ce. Ta ce ta sani, Babanta ya sha gaya mata, amma yau ɗaya tak ta so a karya al'adar saboda ita. Na kunna rediyo.

Tana da shekara tara aka kawo ta ƙasar nan, Maman Ramla. Kunyar da kike yi mata ba ta jin ta a matsayin girmamawa. Ki yi tunani tun kafin a je gaban alƙali.

Na saya mata rigar sanyin. Kuma na ce ke kika ce.

Dorkas


Manassas
Disamba, 2010

Zuwa ga Sista Dorkas,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da yi muku barka da shirin bikinku. Takardarki ta zo. Faɗanki ya shige ni, kuma ban ji haushi ba, don mai ƙaunarka ne ke gaya maka gaskiya. Amma ki ba ni dama ni ma in faɗi tawa.

Ni ma 'yar fari ce. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce min. In baƙi suka yabe ni sai ta tashi ta bar wurin. Amma ƙanzon tukunya ni take ɓoye wa a ƙarƙashin faifai, kuma ranar da zazzaɓi ya kama ni, ita ce ta kwana zaune. Ban taɓa tambayar kaina ko tana sona ba. Haka na ɗauka ita ma wannan ta sani.

Kin ce in yabe ta. A gaban baƙi, Sista, in buɗe baki in ce tawa ta fi ta kowa? Ina tsoron baki. Abu ɗaya ya rage min a duniya, ba zan baje shi a faifai kowa ya sa ido ba.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba. Lokacin ciwon nan, ita ke kai ni bayi. Ita ke wanke ni, ita ke sauya min zane. Ta ga abin da bai kamata 'ya ta gani a jikin uwarta ba. Kullum ina ce mata ta tafi makaranta, tana cewa gobe. Da ta shigo ɗakin zaman nan ta nufo ni, sai na zame kafaɗa. Na san in na dube ta zan rushe da kuka a gaban Turawa, su ce ciwon ya taɓa min kai, su ƙara nisanta ta da ni. Shi ya sa na dubi bango. Da na ce ga uwarta nan, girma na ba ki, don kada su ga kamar ina ja da ke. Ashe rami na haƙa mata da hannuna.

Tun da na karanta takardarki nake gwadawa. In Furera ta fita sai in rufe ƙofa in ce bari in kira. Harafin farko yana zuwa, sauran ya maƙale a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Shekara goma sha shida harshena bai san hanyar ba. Rannan Furera ta dawo ta ji ni ina motsa baki, ta ɗauka lazimi nake yi, ta koma da baya.

Ki gaya wa Mis Olive na canza magana, a bar ta a Lanham. In takarda suke so in sa hannu, a aiko.

Allah ya ba mu mafita. Ki gaida maigida.

Ɗija


Bowie
Fabrairu, 2011

'Yar'uwata Ɗija,

Ina gaishe ki. Yaya sanyi? Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Saƙonki na kai tun a Disamba. Mis Olive ta ce an riga an rufe maganar, sai dai a sake dubawa ƙarshen shekara. Ramla ta fara zuwa makarantar Bowie. Ranar farko aka gaya mata rabin shekarar da ta yi a ajin kiwon lafiya ba za a lissafa ba, tunda su ba su da irinsa. Takardunta ma ba su iso daga Lanham ba, sai suka zuba ta a azuzuwan da ke da gurbi. Tana dawowa ta shige ɗaki. Tuwon ma ta daina ci.

Na karanta mata takardarki, wurin ƙanzon nan da wurin rufe ƙofa. Na ɗauka zai sanyaya mata rai. Ta ce, "Da gaske tana gwadawa?" Na ce da gaske. Ban san abin da na kunna ba ke nan.

Ranar Talatar da ta wuce na sauke ta a ƙofar makaranta, ashe ba ta shiga ba. Ta nemi hanya zuwa tashar New Carrollton, ta hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi a Vienna ta jihar Virginia. Wurinki za ta. Ta ɗauka daga can Manassas kusa ne. Ta rasa motar da za ta hau, ba waya a hannunta, ta zauna a tasha cikin sanyin nan har 'yan sanda suka lura da ita. Ta ce musu wurin uwarta za ta, akwai abin da take so ta ji da kunnenta.

A takardarsu sunan wannan abu gudu. Yarinya ta gudu, har ta tsallaka wata jiha. Kuma gidan da yaro ya gudu daga cikinsa, wai ya kasa riƙo. Ko kwana ba su bari ta sake yi a gidana ba. Mis Olive ta zo da baƙar ledar shara ta ce a zuba kayanta. Ledar shara, Ɗija! Na ce sai dai bayan raina. Na ɗauko akwatin Debbie na shirya mata da hannuna, har da rigar sanyin.

Sun kai ta wani gidan da ake tara 'yan mata, can ƙetaren babbar gadar nan ta kan teku. Wata makarantar ke nan kuma. Na yi faɗa har Baban Debbie ya riƙe ni. An ce yanzu ni ba kowa ba ce a maganar, ko kotu ba za a bar ni in shiga ba.

Za a zauna a kotu wata mai zuwa. Ke kaɗai kika rage mata. Ki je, ki buɗe baki.

Taki cikin baƙin ciki,
Dorkas


Manassas
Maris, 2011

Zuwa ga Sista Dorkas,

Bayan gaisuwa. Allah ya saka miki da akwatin nan, ya rufa miki asiri duniya da lahira.

Na je kotun. Ba a kawo ta ba, an ce nisa. Da alƙali ya ba ni dama na miƙe, na ce a mayar da ita makarantarta ta Lanham, wurin malamar da ta san ta. Na ce tana da ƙoƙari. Na faɗa, Sista, a gaban kowa na ce 'yata tana da ƙoƙari, kuma saboda ni ta rasa darasi. Kuma na kai ƙarshe.

Alƙalin ya saurare ni da mutunci. Sai ya ɗaga rahoton zaman Nuwamba ya karanta wurin da aka rubuta cewa na ce a yi duk yadda aka gani, kuma ban nuna shaƙuwa da ita ba. Ya ce ya ga ina ƙoƙari yanzu, amma yarinya tana bukatar wanda maganarsa ba ta sauyawa. Ya cire maganar karatunta daga hannuna ya ba wani mutum da kotu ke naɗawa, Mista Matthew. Ban san shi ba, ita ma ba ta san shi ba. Lauyan da aka ba ni ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ya duba agogo.

Ihu bayan hari na yi. Na samu aikin kula da wata tsohuwa, amma a nan Virginia ne, ba a Maryland ba.

Ki sa mu a addu'a irin taku, mu ma muna yi.

Ɗija


Nuwamba, 2011

Anti Dorkas,

Ina wuni. Yaya aiki? Yaya Uncle da Debbie? Ki yi haƙuri da Hausata. Na rubuta da ita don masu gidan nan suna karanta wasiƙa kafin a aika, kuma wannan ba za su iya ba.

An sake canza min gida. Wata yarinya ta fasa min baki, sai ni aka ɗauke. Yanzu ina wajen Baltimore. Makaranta ta huɗu ke nan. Sun ce fayil ɗina yana Bowie, Bowie sun ce yana Lanham. Sai aka sa ni aji goma. Anti, na gama aji goma tun Babana yana da rai. Lissafin da nake yi yanzu, sau uku ke nan ina fara shi daga babi na ɗaya. Yaran ajin ƙanana ne, suna ce min kaka.

Mista Matthew ya zo sau ɗaya. Yana da kirki. Ya kira ni da sunan wata yarinya, ya ba ni haƙuri, ya ce mu da yawa ne a hannunsa. Ya ce ina da haƙƙi da yawa. Ya ba ni ɗan littafi mai hoton yara suna dariya. Na ce ina so in koma wurin Misis Irene. Ya ce zai duba.

Umma ta zo ganina da sallah. Mota uku ta hau. Ta kawo min dambun nama. Wata ma'aikaciya ta zauna a tsakaninmu tana rubutu. Umma ta riƙe hannuna, ba ta taɓa yi ba. Bakinta yana motsi, na jira, na jira. Sai ta ce, "Kina cin abinci?" Na ce e. Lokaci ya cika.

Na san tana sona. A kaina na sani. Amma na gaji, Anti. Sun ce ko na yi ƙoƙari sai na ƙara shekara biyu, in ba a sake canza ni ba. Za a sake. A Afrilu zan cika sha takwas, kuma an ce daga nan ba mai riƙe ni dole.

Akwatin Debbie yana nan, ban bari an sace ba.

'Yarki,
Ramla


Bowie
Mayu, 2012

'Yar'uwata Ɗija,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Yaya tsohuwar da kike kula da ita? Na san Mis Olive ta riga ta sanar da ke, don haka ba zan yi kwana-kwana ba. Ramla ta sa hannu ta fita daga hannun hukuma. An roƙe ta ta zauna har ta gama karatu, ta ce wane karatun. Ba takardar sakandare, ba komai. Ni da nake cika baki zan ga ranar taki, ga shi nan.

Ta kira ni sau ɗaya da wayar wani. Ta ce tana wankin zannuwan gado a wani otal, tana kwana wurin wata ƙawa. Na ce wane gari, ta ce in bari. Na ce ɗakinki yana nan, ta ce ta sani. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza. Lambar kuma in na kira ba a ɗauka.

Abu ɗaya ta tambaye ni kafin ta kashe: wace rana 'yan ajinsu na Lanham za su yi bikin yaye. Ban ce za ta je ba. Amma mutum ba ya tambayar ranar kasuwar da ba ya da niyyar ci.

Na je wurin Misis Irene, ta ba ni katin shiga guda ɗaya, ga shi cikin ambulan ɗin nan. Na so in riƙe wa kaina, Allah ya sani. Amma ba ni take son gani ba. Wurin babba ne, mutane dubbai, ba za ki same ta da ido kaɗai ba. Ban ce komai ba, kin dai ji ni.

Maganganun da na gasa miki a baya, ki yafe.

Taki har kullum,
Dorkas


Manassas
Yuni, 2012

Sista,

Ina gaisuwa. Na je.

Na zauna can sama. Yaran sun shigo cikin dogayen riguna da huluna, aka yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya, iyaye suna ihu yadda kika ce. Na saurara har na ƙarshe. Ina ta duba fuskoki, idona ya gaji.

Da aka tashi, mutane suka cika filin ajiye motoci, kowa rungume da nasa. Can bakin titi na hango wata ta ba da baya, da ɗan kwali, tsayinsu ɗaya da tawa, tana tafiya ita kaɗai. Mutane sun tare ni, ba zan iya cim mata ba.

Na kira, Sista. Na ce Ramla. Na sake cewa Ramla, da ƙarfin da huhun nan ya bar min, har wani mutum ya matsa ya ba ni hanya. Na yi ta kira. Ashe ba shi da wuya. Ashe daɗi ne da shi a baki.

Ba ta juyo ba. Bas ya zo, ta shiga. Ban sani ba ko ita ce.

In ta sake kiranki, kada ki yi mata faɗan makaranta, karatun nan ni na kashe shi. Ki dai gaya wa Ramla na kira.

Ɗija
Maman Ramla